Fitar da Mage daga Kano zuwa Ingila: Takardun Lafiya da Lissafin Kwanaki

Lamarin da za a bi a nan na iyali ne mazauna Kano da suka samu damar komawa Ingila da zama. Maigidan ya samu aiki, an ce ya kama ranar 10 ga Yuni. Suna da mage guda, mace, 'yar shekara biyu, wadda yaran gidan suka taso da ita, kuma ba su da niyyar barin ta a baya. A farkon watan Maris suka kai ta asibitin dabbobi da katinta na rigakafi, suna ganin wata uku ya ishe su shiri. Katin ya nuna an yi mata allurar cutar haukan kare a watan Nuwamba da ya wuce, da sa hannun likita da hatimi. Kwanakin nan na misali ne, an sa su domin lissafi ya fito fili, amma ƙa'idojin da za a auna su da su na hukumomin Birtaniya ne.

Amsar da likita mai sanin aikin zai ba su a ranar ita ce magen ba za ta iya shiga Ingila tare da maigidan a watan Yuni ba, komai kuɗin da za su kashe. Lafiyarta lau, ba nan matsalar take ba. Matsalar ita ce takardun nan jere suke, kowace tana jingine da kwanan watan wadda ta gabace ta, kuma akwai kwanakin jira a tsakaninsu da babu jami'in da ke da ikon rage su.

Birtaniya ta kasa ƙasashen duniya kashi uku a kan shigo da kare da mage da wata dabba da ake kira feret: rukuni na ɗaya, rukuni na biyu, sai ƙasashen da ba sa cikin jerin sam. Najeriya tana cikin na ƙarshen, haka ma Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan. Dalilin shi ne cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Ita kuwa Birtaniya ta rabu da cutar a jikin karnuka da sauran dabbobin da ke tafiya a ƙasa tun 1922, kuma kafin shekarar 2000 duk kare ko magen da aka shigo da ita sai ta yi wata shida a killace. Tsarin da ake bi yanzu, na gwajin jini da jiran wata uku ga ƙasashe irin namu, ya fara aiki ne a watan Janairun 2012. Sassauci ne idan aka kwatanta da da, shi ya sa ba sa ɗaga ƙafa a kan sharuɗɗansa.

Allurar Nuwamba ba ta shiga lissafi

Abu na farko da likita zai yi shi ne ya ɗauko na'urar karanta lamba ya shafa ta a wuyan magen da bayanta. A wannan lamari na'urar ba ta nuna komai ba, domin ba a taɓa saka mata maikurocif ba. Wannan 'yar na'ura ce kamar ƙwayar shinkafa, ana tura ta ƙarƙashin fata da allura mai kauri, galibi tsakanin allunan kafaɗa. Ba ta da batir, ba ta nuna inda dabba take. Lamba ce kawai mai alƙaluma 15 da ke fitowa idan an kusanto da na'urar karatu. Wadda ake so ita ce mai bin ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 11784 da 11785, domin ita ce na'urorin filayen jirgin sama na Turai ke karantawa. Wanda ya saka wata iri dabam sai ya tanadi na'urar karatunsa da kansa.

Dokar ta ce a saka cif kafin allurar haukan kare, ko a rana guda da ita, cif ɗin ya riga. Hikimar a fili take. Katin da ke cewa "mage, fara da ruwan toka, mace" zai dace da dubban maguna a Kano. Lambar cif ce kaɗai ke ɗaure takarda da dabba ɗaya tak, saboda haka duk allurar da aka yi kafin a samu lambar, a idon jami'in filin jirgin Heathrow na Landan, ba a san wa aka yi wa ba. Allurar Nuwamba ta amfani jikin magen, za ma ta taimaka wajen sa garkuwarta ta tashi da ƙarfi idan an sake yi, amma a takarda babu ita. Akan samu mai ba da shawarar a rubuta lambar cif a tsohon kati a ja kwanan wata baya. Wannan ƙarya ce a takardar hukuma, tana iya jawo wa likita rasa lasisinsa a Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, kuma dabbar ce za ta ƙare a killace idan aka gano.

To, ranar 3 ga Maris aka saka cif, aka karanta shi kafin a saka da bayan an saka, sannan aka yi sabuwar allura. Nan ma akwai wurin lura. Birtaniya tana karɓar allurar da aka kashe ƙwayar cutar da ke cikinta, ko wadda aka haɗa ta hanyar sarrafa ƙwayoyin halitta, matuƙar ƙasar da aka yi amfani da ita ta amince da ita. Allura mai ƙwayar cuta da rai wadda aka raunana, irin ta Flury da aka daɗe ana amfani da ita a Najeriya, ba ta cikin waɗannan biyun. Sai mai dabba ya nemi a nuna masa kwalbar ya karanta sunan da kansa. Rabisin da Nobivac Rabies da Defensor duk na nau'in da aka kashe ne. Ya kuma tambayi yadda aka ajiye ta. Allurar tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma a zafin Maris da Afrilu na Kano, firjin da ya kwana babu wuta yana iya rage mata ƙarfi ba tare da kwalbar ta nuna wata alama ba. Sai bayan makonni, a sakamakon gwajin jini, abin zai fito.

A kan katin dole a samu ranar haihuwar magen, lambar cif da ranar da aka saka shi da inda yake a jiki, ranar allura, sunan allurar da kamfanin da ya yi ta, lambar rukunin da ke jikin kwalbar, ranar da kariyar za ta ƙare, sai sa hannun likita da adireshinsa. Mafi sauƙi a ɓamɓaro 'yar takardar da ke manne a kwalbar a liƙa a katin, a buga hatimi ya hau gefenta. A kuma zaɓi sunan mai magen tun daga wannan rana, don dalilin da zai bayyana a gaba.

Jinin, da abin da ke lalata shi a hanya

Ba a ɗibar jini sai an cika kwana 30 da yin allura, kuma ranar allurar ba ta cikin ƙirga. Daga 3 ga Maris, rana ta talatin ita ce 2 ga Afrilu. Likitan da ya san yadda ake jayayya a kan kwana ɗaya zai ƙara kwana, ya ɗiba ranar 3 ga Afrilu. Kada kuma a yi ta jan ƙafa. Garkuwar jiki takan kai ƙololuwa wajen mako huɗu bayan allura, sannan ta fara sauka, musamman ga dabbar da allurarta ta farko ke nan. Wanda ya bari sai bayan wata biyar ko shida ya ɗebi jini yana ƙara wa kansa haɗarin faɗuwa gwajin.

Abin da ake aunawa shi ne yawan sinadaran garkuwa da ke iya kashe ƙarfin ƙwayar cutar, ta gwajin da ake kira FAVN ko RFFIT, kuma abin da ake nema shi ne 0.5 IU (ma'aunin ƙarfin garkuwar) a kowace mililita ko sama da haka. Ba kowane ɗakin gwaji ne ake karɓar sakamakonsa ba. Sai wanda ke cikin jerin da Tarayyar Turai ta amince da shi. Cibiyar ANSES da ke Nancy a Faransa ita ce ke sa ido a kan ingancin wannan gwaji, kuma daga Najeriya akan aika samfurin waje ne, zuwa wurare irin su ɗakin gwajin APHA, hukumar lafiyar dabbobi da tsirrai ta Birtaniya, da ke Weybridge a Ingila ko cibiyar Onderstepoort a Afirka ta Kudu. A duba jerin a ranar da za a aika, domin sunaye na shiga suna fita.

A nan ne aikin hannu ke da tasiri. A sake karanta cif kafin a soka allura. A ɗebi jini mililita biyu zuwa uku daga jijiyar wuya ko ta ƙafar gaba, a zuba a kwalbar da babu maganin hana daskarewa a cikinta, mai jan murfi, ba mai murfi shuɗi-ja da ake gwajin ƙwayoyin jini da ita ba. A bar shi ya daskare kamar rabin sa'a, a juya shi a injin wulwula jini, a tsame ruwan da ya taso sama zuwa wata kwalba mai murfin murɗawa. Kimanin mililita ɗaya ake so. Ruwan ya zama garau, launin rawaya-rawaya. Idan ya yi ja, ƙwayoyin jini sun farfashe, ko don an ja sirinji da ƙarfi, ko an tura jinin ta ƙaramar allura, ko an bar shi a zafi, kuma ɗakin gwaji na iya ƙin karɓarsa tunda gwajin a kan ƙwayoyin halitta masu rai ake yin sa. Abin da aka fi kuskurewa shi ne aika jinin ɗungurungum ba a raba shi ba, ya yi kwanaki a hanya ya isa a lalace.

A rubuta lambar cif a jikin kwalbar da kan fom ɗin ɗakin gwajin, a sa mutum na biyu ya karanto alƙaluman ɗaya bayan ɗaya. A naɗe kwalbar da auduga, a sa a leda mai rufewa, a sa a akwatin soso da ƙanƙarar roba, a haɗa da takardar izinin shigar da samfur wadda ɗakin gwajin kan bayar. A aika a farkon mako don kada ya kwana a sito ranakun hutu. Idan ruwan ya isa, a raba shi biyu a daskarar da rabi a asibiti. Idan kunshin farko ya ɓata ko ya lalace, sai a aika na biyun, kuma kwanan watan ɗibar jinin bai canza ba. Wannan ƙaramar dabara tana iya ceton makonni.

Sakamakon magenmu ya dawo a ƙarshen Afrilu sama da 0.5. Da ya zo ƙasa da haka, a ce 0.3, sai a sake allura, a sake jiran kwana 30, a sake ɗibar jini, jiran wata ukun kuma ya fara daga sabon jinin. Allura ranar 25 ga Afrilu tana nufin jini ranar 25 ga Mayu, tafiya kuma sai ƙarshen Agusta. Da takardar sakamako ta iso a duba abu uku kafin a yi murna: lambar cif, ranar ɗibar jini, da sunan mai dabba. Idan akwai kuskure ɗakin gwajin ne zai sake fitar da takarda. Gyaran biro a kanta ɓata ta yake.

Wata ukun da ba a saye

Ana ƙirga wata uku daga ranar da aka ɗebi jinin da ya ci gwaji, ba daga ranar da sakamako ya fito ba. Daga 3 ga Afrilu ke nan zuwa 3 ga Yuli. Mutane da yawa na ganin wannan jira ba shi da ma'ana tunda gwaji ya riga ya nuna garkuwa. Yana da ma'ana. Gwajin ba ya tabbatar da cewa dabbar ba ta kamu ba kafin a yi mata allura. Ƙwayar haukan kare tana bin jijiyoyi a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, tana iya yin makonni ko watanni babu alama, kuma allurar da ta zo bayan kamuwa ba lalle ta tsayar da ita ba. Wata ukun lokaci ne na zuba ido. Saboda haka a wannan tsakani magen ta zauna a cikin gida, kada ta riƙa haura katanga tana haɗuwa da muzurai da karnukan unguwa. Wannan lissafi ne kuma ya sa ɗan mage ba ya iya shiga Ingila daga Najeriya kafin ya kai wajen wata bakwai: mako 12 kafin allura, kwana 30, sannan wata uku.

Maigidan zai kama aiki 10 ga Yuni, magen ba ta da ikon shiga sai bayan 3 ga Yuli. A nan wata ƙa'ida ta biyu ta shigo: dabbar gida dole ta isa cikin kwana biyar kafin isar mai ita ko bayan isarsa. Idan ta wuce haka an fita daga dokar dabbar gida an shiga ta kasuwanci, mai takarda dabam da sharuɗɗa masu tsauri. Iyalin na da mafita biyu da za a iya dogara da su. Ta farko, uwargida da yara su dakata zuwa Yuli, kuma sunanta ne zai kasance a kan kati da sakamakon gwaji da kowace takarda tun daga 3 ga Maris. Ta biyu, a nemi lasisin shigo da magen zuwa killacewa daga hukumar APHA ta hannun ɗaya daga cikin gidajen killace dabbobi da aka amince da su, ta zauna can har kwanakin su cika, a kan kuɗin mai ita. Ta farkon ta fi sauƙi ga aljihu, ta kuma fi wa magen, kuma ita ce ya kamata su zaɓa. Doka ta yarda mai dabba ya wakilta wani a rubuce ya yi tafiya da ita, amma kafin a dogara da wannan a nemi cibiyar da za ta karɓi dabbar a filin jirgin Birtaniya ta tabbatar a rubuce cewa tsarin tafiyar ya dace da ƙa'idar kwana biyar.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma watannin jiran nan ne lokacin sauran shirye-shirye. Jirgin sama ba ya shiga Birtaniya da dabbar gida a ɗakin fasinja ko a matsayin jakar matafiyi, in ban da karnukan da ke taimaka wa masu buƙata ta musamman. Dole ta tafi a matsayin kaya mai takardar dako ta kanta, a kamfanin jirgi da hanyar da APHA ta amince da su. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Kano zuwa Landan, don haka sai an kai ta Abuja ko Legas. Yawancin kamfanoni ba sa karɓar irin wannan kaya daga hannun mutum sai ta hannun ejan, kuma ana buƙatar wani ejan a can don fitar da ita daga kwastan. Iyalin da ke ƙaura su cike fom ɗin ToR1 na hukumar haraji ta HMRC, wanda ake neman yafe haraji a kan kayan mai ƙaura da shi, da wuri, su sa magen a cikin kayansu. Sharuɗɗansa sun haɗa da zama a wajen Birtaniya wata 12 a jere da mallakar abin na aƙalla wata shida. Idan babu lambar amincewar, za a caji harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari.

Kejin ma takarda ce ta wata fuskar, domin jami'in kaya zai auna shi da ƙa'idar ƙungiyar jiragen sama ta IATA. A auna magen tana tsaye. Tsawon keji shi ne daga hanci zuwa gindin wutsiya, a ƙara rabin tsayin ƙafar gaba daga ƙasa zuwa gwiwa. Faɗinsa ninki biyu na faɗin kafaɗunta. Tsayinsa ya wuce kan kunnenta bayan an shimfiɗa abin kwanciya. Ya zama na roba mai tauri, an ɗaure samansa da ƙasansa da kusoshin ƙarfe, ƙofa ta ƙarfe, tagogin iska a kowane gefe, ramukan raga ƙanana yadda ba za ta zura ƙafa ko hanci ba, da kwanon ruwa da ake iya cikawa daga waje. Maguna masu gajeren hanci irin Persian suna buƙatar keji da ya fi haka da kashi 10 cikin ɗari, wasu kamfanonin ma ba sa ɗaukar su sam saboda matsalar numfashi, don haka a tambaya kafin a sayi tikitin mutane. A ajiye kejin a buɗe a falo tun watan Mayu, a riƙa zuba mata abinci a ciki har ta saba kwana a can.

Kwana goman ƙarshe

Takardar da ke shigar da magen ita ce shaidar lafiyar dabbar gida ta Birtaniya, fom ɗinsu ne, ana sauke shi daga shafin gwamnatinsu na intanet. A sauke sabo a lokacin, kada a yi amfani da kwafin da wani ya ajiye tun bara. Takardar lafiya da asibiti ya buga a kan takardarsa mai tambari ba ta maye gurbinsa. Likitan gwamnati ne ke sa hannu, ko likita mai izini ya cike sannan hukuma ta tabbatar da hatiminta. A Najeriya wannan aikin Sashen Kula da Lafiyar Dabbobi na Tarayya ne a Abuja, inda ake neman izinin fitar da dabba, sannan jami'an NAQS, hukumar da ke sa ido kan shiga da fitar dabbobi da amfanin gona, su duba dabbar da takardunta a filin jirgi. Izinin fitarwa a fara neman sa makonni kafin lokaci.

Akwai tarko biyu a kwanan watan wannan takarda, ɗaya a kowane gefe. Dole magen ta shiga Birtaniya cikin kwana 10 da fitar da ita. Wannan kowa ya sani. Wanda ba a cika lura da shi ba yana cikin rubutun fom ɗin: likita yana shaida cewa an ɗebi jinin aƙalla wata uku kafin ranar da ya sa hannu. Ke nan idan aka sa hannu ranar 30 ga Yuni da nufin a tashi 5 ga Yuli, takardar ta shaidi abin da bai riga ya faru ba, ko da yake ranar isowar ta wuce wata ukun. A wannan lamari sai a sa hannu ranar 4 ga Yuli, a tashi wajen 8 ga wata, a bar 'yan kwanaki a gaba saboda jirgi na iya ɗagewa. A duba kalanda tun da wuri ko hutun sallah ko ƙarshen mako zai cinye kwanakin ofis.

Wajen cikewa, kwanan wata ya bi tsarin rana, wata, shekara. Ranar saka cif ko karanta shi ta riga ranar allura ko ta yi daidai da ita. Sa hannu da hatimi su kasance da launin tawada dabam da na bugun fom, shuɗi ya fi. A haɗa kwafin katin rigakafi da na sakamakon gwaji, kowanne da lambar cif da hatimin likita. Uwargida ta sa hannu a takardar da ke cewa ba sayar da magen za ta yi ba, ba kuma kyautar da ita ba. Kafin a tashi, ejan ya aika hoton dukan takardun zuwa cibiyar karɓar dabbobi ta Heathrow, wadda hukumar birnin Landan ke gudanarwa, don a duba su. Kuskuren da aka gano ana Abuja gyaran yini guda ne. Wanda aka gano bayan sauka yana iya zama killacewa har wata huɗu ko mayar da dabba inda ta fito, duk a kan kuɗin mai ita. Takardun asali su bi kejin, mai dabba ta riƙe kwafi.

A karanta cif sau ɗaya kuma a ranar sa hannu. Yakan gusa daga inda aka saka shi zuwa gefen kafaɗa ko ƙirji, don haka a shafa na'urar a hankali a duk jiki kafin a ce ya mutu. Idan da gaske ya daina aiki kuma ba a iya karanta lambar ta kowace hanya, komai ya koma farko: sabon cif, sabuwar allura, sabon jini, sabon jira. Haka nan idan tafiya ta ɗage har wa'adin allurar da aka rubuta a kati ya ƙare ba a sabunta ba, ko da kwana ɗaya ne. Muddin ana sabuntawa a kan lokaci, sakamakon gwajin jinin yana nan da ƙarfinsa, ba a sake shi.

Daga Kano zuwa Abuja ta Zariya da Kaduna tafiya ce ta sama da kilomita 400. A yi ta kwana ɗaya ko biyu kafin jirgi, da sassafe, a mota mai sanyi, kejin a kujerar baya ba a but ba. Ranar tashi a ba ta abinci kaɗan sa'o'i da dama kafin a miƙa ta, a cire mata abin wuya, a shimfiɗa abin da ke tsotse fitsari, a daskarar da ruwan kwanonta don kada ya zube wajen lodi. Kada a ba ta maganin barci. Yana saukar da hawan jini, yana hana dabba daidaita zafin jikinta da tsayuwarta, kuma babu mai duba ta a cikin jirgi na tsawon sa'a shida da wani abu. Kamfanonin jirgi kan ƙi karɓar dabbar da suka ga alamar an bugar da ita.

Da kare ne a maimakon mage, da an ƙara abu biyu. Likita zai ba shi maganin tsila mai sinadarin praziquantel tsakanin sa'a 24 zuwa 120 kafin ya shiga Birtaniya, ya rubuta sunan maganin da rana da ƙarfe nawa a fom ɗin. Jinkirin jirgi na iya fitar da shi daga wannan tazara, sai a sake ba shi. Sannan akwai nau'o'in da doka ta hana, su ne Pit Bull Terrier da Japanese Tosa da Dogo Argentino da Fila Brasileiro da XL Bully, kuma da siffar kare ake hukunci, ba da sunan da aka rubuta a kati ba. Mai aku kuwa kada ya ɗauka wannan bayani ya shafe shi. Aku mai launin toka da jar wutsiya yana cikin rukunin farko na yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, tun 2017, fitar da shi na buƙatar izini daga ƙasashen biyu, da dokokin shigo da tsuntsaye na dabam.

Wasu kan kauce wa tura dabba a matsayin kaya ta hanyar sauka da ita a Paris ko Amsterdam a ɗakin fasinja, sannan su tsallaka da mota ta ramin ƙarƙashin teku daga Calais zuwa Folkestone. Hanya ce da doka ta yarda da ita, sai dai tana buƙatar takardar shiga Tarayyar Turai ban da ta Birtaniya, da bizar ƙasar da za a sauka, kuma jirgin ƙasa na Eurostar mai zuwa Landan ba ya ɗaukar dabbar gida. Ba ta rage ko kwana ɗaya daga wata ukun ba.

Bayan sauka a Heathrow ana ɗauke kejin daga jirgi zuwa cibiyar karɓar dabbobi, a fito da magen, a ba ta ruwa, a karanta cif, a gwada lambar da kowace takarda, sannan kwastan su sake ta. Abin yakan ɗauki sa'o'i da dama, don haka kada a yi hayar motar da za ta jira a bakin ƙofa. Da an isa gida a yi rajistar lambar cif da sabon adireshi a ɗaya daga cikin rumbunan bayanai da gwamnati ta amince da su, domin tun 10 ga Yunin 2024 doka ta wajabta wa duk mai mage a Ingila ya saka mata cif ya kuma yi mata rajista kafin ta kai mako 20. Kafin a sa hannu a yarjejeniyar hayar gida ma a tabbatar an rubuta cewa mai gidan ya yarda da ajiye mage.